Yadda Ake Gina Jimlar Turanci Daidai, Daga Aikatau Har Zuwa Aya

Yawancin kurakuran da Bahaushe ke yi a rubutun Turanci ba ƙarancin kalmomi ke jawo su ba. Kalmomin suna nan, wasu ma manya-manya. Abin da ke faruwa shi ne mutum yakan tsara maganarsa da Hausa a zuci, sannan ya riƙa zare kalmar Hausa yana cusa ta Turanci a gurbinta, ginshiƙin kuwa na Hausa ne bai motsa ba. Ta haka ake samun irin su *Musa he is having a car*. Babu kalmar da ba Turanci ba a ciki, amma jimlar ta karye a wuri biyu, kuma duka karayar daga "Musa yana da mota" ta taso: "ya" ta koma *he*, "na da" ta koma *is having*. Abin da Bature zai ce shi ne *Musa has a car*.

Saboda haka hanya mafi kusa ita ce mutum ya san wuraren da harsunan biyu suka jera tare da wuraren da suka raba hanya, sai ya zuba ido a kan mararrabar. Matakan nan an jero su ne yadda ake ɗora jimla, daga harsashi zuwa rufi.

Mataki na 1: Kafa aikau da aikatau

Kowace cikakkiyar jimlar Turanci sai da abu biyu: aikau, wato wanda ake magana a kansa, da aikatau mai ɗauke da lokaci. Idan aikin ya faɗa wa wani, sai karɓau ya biyo baya. An yi sa'a, jerin iri ɗaya ne da na Hausa. "Yaron ya buɗe ƙofar" shi ne *The boy opened the door*: aikau, aikatau, karɓau. Jerin nan shi ke nuna wa ya yi wa wa, don haka *The dog bit the man* da *The man bit the dog* labari biyu ne mabambanta.

Tarko na farko: Hausa ba ta barin suna ya taɓa aikatau kai tsaye, sai ta sa lamiri a tsakani. "Musa ya tafi", "yara sun tafi". Turanci ba ya son wannan maimaicin. Ko dai *Musa left* ko *He left*, ba a haɗa su.

Tarko na biyu: akwai jimlolin Hausa da ba su da aikatau sam, kuma lafiya lau suke. "Ɗakin babba ne." "Tana gida." "Ana ruwa." Turanci kuwa sai ya nemo aikatau, kuma wanda yake ɗaukowa shi ne *be*, mai siffofi 8: *be, am, is, are, was, were, being, been*. Sai a ce *The room is big* da *She is at home*. Idan babu aikau na zahiri, sai a ajiye *it* ta riƙe wurin: *It is raining*, *It is late*. "Akwai" kuma ita ce *there is* ga tilo, *there are* ga jam'i.

Wanda ya gane wannan yakan wuce gona da iri, ya riƙa sa *am* da *is* ko'ina: *I am agree*, *He is go to school every day*. *Agree* da *go* aikatau ne da kansu, ba su buƙatar mai tallafa musu a nan. *I agree*. *He goes to school every day*.

Mataki na 2: Daidaita aikatau da aikau

Nan gizo ke saƙa, kuma nan ya kamata a fi ɓata lokaci. A Hausa, lamiri ne ke ɗaukar kayan mutum da na lokaci, aikatau yana zaune abinsa: na tafi, ta tafi, mun tafi, za su tafi. A Turanci aikatau ne ke canza riga. A lokacin yanzu, idan aikau mutum ɗaya ne ko abu ɗaya da ake ba da labarinsa, wato *he, she, it* ko sunan da za su iya tsaya masa, sai aikatau ya ɗauki *s* a ƙarshe. *I work, you work, we work, they work*, amma *she works*.

Abin da ke rikita masu koyo shi ne *s* ɗin tana aiki biyu masu karo da juna. A jikin suna jam'i take nunawa, a jikin aikatau kuwa tilo. Dubi waɗannan:

*The boy runs.*
*The boys run.*

Kamar *s* guda ce ake miƙa wa juna: idan suna ya riƙe ta, aikatau ya sake ta. Wajen rubuta ta, aikatau mai ƙarewa da *s, sh, ch, x* ko *o* yana ɗaukar *es*: *passes, washes, teaches, fixes, goes*. Mai ƙarewa da baƙi sannan *y* sai *y* ta koma *ies*: *study* ya zama *studies*, amma *play* ya zama *plays* tunda wasali ne kafin *y*. *Have* kuwa ya fita zakka, ya zama *has*.

Wahalar takan zo ne idan kalmomi suka shiga tsakanin aikau da aikatau. A *The box of books is heavy*, kunne yana jin *books* daf da aikatau, sai hannu ya so rubuta *are*. Ka tambayi kanka: mene ne mai nauyin? Akwatin ne, kuma guda ɗaya ne. Dabarar ita ce ka rufe duk abin da ya fara da *of, with, in* da yatsa, ka karanta abin da ya rage. Haka *One of my friends lives here*: abokai da yawa, shi ya sa *friends*, amma ɗaya ake nufi, shi ya sa *lives*.

Akwai kalmomin da sai dai a haddace matsayinsu. *Everybody, everyone, each, nobody, someone* duk tilo ne, kamar yadda Hausa ma ke cewa "kowa ya zo", ba "kowa sun zo" ba: *Everybody knows*. *People* da *police* jam'i ne ko da yake ba su da *s*: *The police are coming*. *News* da *mathematics* suna da *s* amma tilo ne: *The news is good*. Sunaye biyu da aka haɗa da *and* sun zama jam'i. Waɗanda aka haɗa da *or* ko *nor*, aikatau yana bin na kusa da shi: *Neither the teacher nor the students are ready*.

Mataki na 3: Zaɓi lokaci, ka tsaya a kansa

Siffar aikatau mai sauƙi, irin *I walk* da *she reads*, ita ce ta sabo, daidai da "nakan" da "takan", kuma da ita ake faɗin abin da yake gaskiya a kullum: *Water boils at 100 degrees Celsius*. Abin da ake cikin yinsa yanzu kuwa sai *am, is, are* da *ing*: *She is reading*, "tana karatu".

To amma "ina", "kana", "yana" na Hausa sun fi *ing* faɗin gona. Muna cewa ina so, ina ji, ina gani, ina da shi. Turanci ya ware aikatau masu nuna hali ko mallaka ko abin da ke cikin zuciya, bai yarda su ɗauki *ing* da wannan ma'anar ba: *know, understand, believe, want, need, like, own, belong, hear*, da *have* idan mallaka ake nufi. Don haka *I am understanding you* kuskure ne, a ce *I understand you*. *I am hearing you* a mayar da shi *I can hear you*. *Have* yana karɓar *ing* ne kawai idan ya tashi daga ma'anar mallaka, kamar *We are having a meeting*.

Shuɗaɗɗen lokaci ana yinsa da *ed*: *walked, opened, studied*. Gajeren aikatau mai ƙarewa da wasali ɗaya da baƙi ɗaya yana ninka baƙin: *stop, stopped*, *plan, planned*. Sai dai akwai aikatau kusan 200 da ba sa bin wannan ƙa'ida, kuma su ne aka fi amfani da su a kullum. Ba su da wata dabara sai hadda, kuma a haddace su uku-uku: *go, went, gone*; *see, saw, seen*; *write, wrote, written*; *take, took, taken*; *put, put, put*. Ta biyu tana tsayawa da ƙafarta: *I saw him*. Ta uku sai da mataimaki, *have, has, had* ko *be*: *I have seen him*, *It was written*. Wanda ya ce *I seen him* ko *I have went* ya musanya su ne.

"Na gan shi" guda ɗaya ce a Hausa, amma tana da fuska biyu a Turanci, kuma wannan wuri ne da ko waɗanda suka yi nisa ke tuntuɓe. Idan ka ambaci lokacin da ya riga ya rufe, irin *yesterday, last week, in 2019, two days ago*, to *I saw him* za ka ce. Idan ba a faɗi lokaci ba, ko lokacin bai ƙare ba tukuna, ko sakamakon abin ne ke gabanka, sai *I have seen him*. Jimla irin *I have seen him yesterday* ta haɗa abin da ba ya haɗuwa. Ga abin da ya faro tun baya har yanzu yana ci, Hausa takan ce "ina nan tun 2020", Turanci kuwa ba ya cewa *I am here since 2020*, sai *I have been here since 2020*. *Since* tana nuna inda aka faro, *for* tana nuna tsawon lokacin: *for five years*.

Lokaci mai zuwa *will* ne ko *going to*. Amma bayan *when, if, before, after, until* ba a sa *will*: *I will call you when I arrive*. Mataimakan nan 9, wato *can, could, will, would, shall, should, may, might, must*, aikatau tsura yake bin su, babu *s*, babu *ed*, babu *to*. *She can swim*, ba *She can swims* ko *She must to go* ba.

Idan ka fara ba da labari a shuɗaɗɗen lokaci, ka ci gaba da shi har ƙarshe. Hausa takan nuna lokaci a farko sannan ta ci gaba da "sai ya", "sai ta". A Turanci kowane aikatau sai ya sa nasa *ed*: *He entered, greeted us and sat down*.

Mataki na 4: Korewa da tambaya

Idan jimla tana da mataimakin aikatau ko *be*, sai a ajiye *not* a bayansa: *She is not ready*, *They cannot come*. Idan babu, sai a aro *do, does* ko *did*. Abin lura a nan shi ne mataimakin da aka aro shi ke ɗauke kayan gaba ɗaya, aikatau ya koma tsura. *She works* ta zama *She does not work*, *s* ta koma jikin *does*. *He went* ta zama *He did not go*. Rubuta *He didn't went* tamkar biyan kuɗin abu sau biyu ne.

Hausa tana korewa da "ba" biyu, tana kuma cewa "ban ga kowa ba". Daidaitaccen Turanci korewa ɗaya yake so a ganga ɗaya, wato sashen jimla mai nasa aikau da aikatau: *I didn't see anybody* ko *I saw nobody*, ba *I didn't see nobody* ba.

A Hausa ɗaga murya ko sa "shin" ya isa mayar da magana tambaya. A Turanci sai mataimaki ya tsallako gaban aikau. *You are coming* ta zama *Are you coming?* *She lives here* ta zama *Does she live here?* Da kalmar tambaya ma haka jerin yake: kalmar tambaya, mataimaki, aikau, aikatau. *Where do you live? Why did he leave?* Inda ba a aro *do* shi ne idan kalmar tambayar ce aikau: *Who called?*

Idan kuma tambayar ta shige cikin wata jimla, sai jerin ya koma yadda yake a magana ta yau da kullum. *Where is he?* amma *Do you know where he is?* Haka *She asked me what I wanted*, wadda ma ba tambaya ba ce, labarin tambaya ne, don haka aya take ɗauka.

Mataki na 5: Ƙananan kalmomin nan uku, a, an, the

Bahaushe yana da abin kamawa a nan fiye da yadda yake zato. Bambancin "wata mota" da "motar" shi ne kusan bambancin *a car* da *the car*. Farkon ambato, lokacin da mai sauraro bai san wadda ake nufi ba: *I saw a car*. Da zarar an san ta: *The car was red*. Ana kuma sa *the* ga abin da shi kaɗai ne, *the sun, the moon*, da wanda ya fi kowa, *the best*.

Ƙa'idar gama-gari ita ce, suna tilo da ake iya ƙirgawa ba ya tsayawa shi kaɗai. "Shi malami ne" sai *He is a teacher*. Zaɓi tsakanin *a* da *an* kuwa kunne ke yinsa, ba ido ba. *An hour* da *an honest man*, domin ba a furta *h* ɗin. *A university* da *a European*, domin da sautin "y" suke farawa.

Sai sunayen da Turanci ba ya ƙirgawa, ko da Hausa na ƙirga su. Muna cewa shawarwari, bayanai, kayayyaki, amma *advice, information, equipment, furniture, luggage, evidence, homework* ba sa ɗaukar *s*, ba sa ɗaukar *a*. A ce *some advice* ko *a piece of advice*. Da su ake amfani da *much* da *little*, da waɗanda ake ƙirgawa kuma *many* da *few*.

Mataki na 6: Sifa, mallaka, wakilin suna

Sifar Turanci gaban suna take zama, kuma ba ta jam'i. "Fararen motoci" *white cars* ne kawai. Wajen kwatanci, gajeriyar sifa tana ɗaukar *er* da *est*, doguwa kuma *more* da *most*, ba a haɗa biyun: *taller*, *more careful*, ba *more taller* ba.

Mallaka a juye take. Hausa tana fara da abin, "littafin Musa", Turanci yana fara da mai abin, *Musa's book*.

A Hausa mota "ta" lalace, gida "ya" rushe. A Turanci duk abin da ba mutum ba *it* ne. Sannan a rarrabe siffar aikau da ta karɓau: *I, he, she, we, they* ga mai aiki, *me, him, her, us, them* ga wanda aiki ya faɗa wa. Idan ka rasa wanne ne daidai tsakanin *Ali and I* da *Ali and me*, cire *Ali* ka gwada. Ba a cewa *She invited I*, don haka *She invited Ali and me*.

Kalmar "a" ta Hausa kuma ta rabu uku. *At* ga sa'a da takamaiman wuri: *at 7 o'clock, at the door*. *On* ga rana da saman abu: *on Monday, on the table*. *In* ga wata, shekara da cikin abu: *in June, in 2024, in the room*. Wasu aikatau ba sa son rakiya ko kaɗan: *discuss the matter*, ba *discuss about* ba, *enter the room*, *reach the station*.

Mataki na 7: Haɗa ganga da ganga, da inda waƙafi ke zama

Ganga tsayayya ita ce mai aikau da aikatau da za ta iya zama jimla ita kaɗai. Ganga dogarau tana da su, amma an ɗaure ta da kalma irin *because, although, when, if, while*, sai ta jingina da wata. *Because the road was closed.* ba jimla ba ce ko an sa mata aya, domin mai karatu yana jiran jin abin da ya faru.

Kuskuren da ya fi kowane yawa a alamomin rubutu shi ne ɗinke ganga tsayayya biyu da waƙafi kawai: *The road was closed, we went back*. Waƙafi ba shi da ƙarfin ɗaukar wannan nauyi. Gyaran hanya huɗu ne, kuma kowace da ɗan bambancin ma'ana:

*The road was closed. We went back.*
*The road was closed, so we went back.*
*The road was closed; we went back.*
*Because the road was closed, we went back.*

Ta farko aya ce ta raba su. Ta biyu waƙafi ne tare da mahaɗi, kuma mahaɗan da ke wannan aikin 7 ne: *and, but, or, nor, for, so, yet*. Ta uku waƙafi mai ruwa (;) ne, wanda ake sawa idan maganganun biyu suna da kusanci sosai. Ta huɗu an mayar da ɗaya dogarau. Idan dogarau ce a gaba, waƙafi na biye da ita. Idan tana baya, yawanci ba a sa shi: *We went back because the road was closed*. A yi hattara da *however* da *therefore*: ba sa cikin bakwai ɗin nan, don haka aya ko waƙafi mai ruwa ke zuwa kafin su, waƙafi kuma bayansu. Sannan "ko da yake... amma" ta Hausa ba ta ƙetarewa da ƙafa biyu. Ko *although* ko *but*, ɗaya ta isa.

Sauran ayyukan waƙafi: raba jerin abubuwa, *pens, books and rulers*. Sa wani waƙafin kafin *and* na ƙarshe ya halatta, shi ake kira waƙafin Oxford, kuma an fi yinsa a Amurka. Wanda ka zaɓa ka riƙe shi har ƙarshen rubutun. Yana ware wanda ake kira: *Thank you, Amina*. Yana kuma kewaye ƙarin bayanin da za a iya cirewa, kuma a nan yana iya canza labari ɗungurungum. *My brother, who lives abroad, is a doctor* na nuna ɗan'uwan ɗaya ne. *My brother who lives abroad is a doctor* na nuna akwai wasu, na ƙasar wajen ake nufi. Wurin da waƙafi ba ya shiga ko da wasa shi ne tsakanin aikau da aikatau, komai tsawon aikau ɗin. Shawarar nan ta "sa waƙafi duk inda ka ja numfashi" ita ke jefa mutane cikin wannan, gara a bar ta.

Sauran alamomi

Aya tana rufe bayani da umarni. Alamar tambaya ta tambaya kai tsaye ce. Alamar motsin rai guda ɗaya ta isa, a wasiƙar aiki ko amsar jarrabawa kuwa gara a ƙyale ta. Ruwa biyu na gabatar da jeri ko ƙarin haske, amma sai abin da ya gabace shi ya zama cikakkiyar magana: *Bring three things: a pen, a ruler and your card*. Duk waɗannan alamomin manne suke da kalmar da suka biyo, sannan a bar tazara ɗaya. Barin fili kafin waƙafi ko aya aibi ne da ido ke kamawa tun kafin a fara karatu.

Waƙafin sama, wanda muke sawa a "sa'a" da "'ya'ya" don sauti, a Turanci ba sauti yake nunawa ba. Aikinsa biyu. Yana tsayawa inda aka cire harafi: *do not* ta zama *don't*, *I am* ta zama *I'm*. Yana kuma nuna mallaka: *the girl's bag* jakar yarinya ɗaya, *the girls' bags* na 'yan mata da yawa, *the children's books* tunda *children* ba ta ƙare da *s* ba. Ba a yin jam'i da shi: *two cars*, ba *two car's* ba. *It's* na nufin *it is* ko *it has*, *its* kuwa mallaka ce. Gwajin mai sauƙi ne, ka warware ta zuwa *it is* ka ji ko ta zauna. Haka za ka rarrabe *you're* da *your*, *they're* da *their*, *who's* da *whose*.

Alamar zancen wani tana kewaye ainihin kalmomin da mutum ya furta: *She said, "I am tired."* Idan ka ba da labarin maganar da bakinka, alamar ta fita, lamiri da lokaci su canza: *She said that she was tired*. Amurkawa suna sa aya da waƙafi a cikin alamar, kuma mai ƙwaya biyu suke amfani da ita. A Ingila an fi ganin mai ƙwaya ɗaya a littattafai. Karan ɗori yana haɗa kalmomin da suka taru suka zama sifa ɗaya a gaban suna, *a well-known writer*, da lambobi daga 21 zuwa 99 idan an rubuta su da kalmomi, *twenty-one*.

Babban baƙi na farkon jimla ne, da sunayen mutane, wurare, harsuna, ranaku da watanni: *English, France, Monday, June*. Sunayen yanayin shekara irin *summer* da *winter* ƙaramin baƙi ne. *I* kuwa babba ce a duk inda ta faɗo.

Mataki na 8: Bi rubutun da gyara, sau uku

Ido ba ya iya farautar kurakurai iri-iri a lokaci guda, don haka a raba aikin. Zagaye na farko na aikatau ne kawai: ja layi ƙarƙashin kowane, nemo aikau ɗinsa, duba sun dace, duba lokacin. Na biyu na sunaye ne: kowane tilo yana da *a, an, the, my* ko makamancinsu? Akwai *s* a inda ba a ƙirgawa? Na uku na alamomi ne: tsaya a kowane waƙafi ka duba hagu da dama, idan duka ɓangarorin za su iya tsayawa su kaɗai kuma babu mahaɗi, to ga ɗinkin da za a warware. Ga misali:

*my sister she go to the office yesterday, she didn't saw the manager because he was not having time. the secretary gave her an advice and told her to come back in monday*

A zagayen farko za a cire *she* da ta biyo *sister*, *go* ya koma *went* saboda *yesterday*, *saw* ya koma *see* tunda *didn't* ta riga ta ɗauki lokacin, *was not having* ta koma *didn't have*. A na biyu *an advice* ta zama *some advice*, *in* ta gaban sunan rana ta zama *on*. A na uku waƙafin da ke bayan *yesterday* ya sami *but*, *my*, *the* da *monday* su ɗauki babban baƙi, ƙarshe kuma ya sami ayarsa. Gyara 11 ke nan a layi biyu:

*My sister went to the office yesterday, but she didn't see the manager because he didn't have time. The secretary gave her some advice and told her to come back on Monday.*